Filin Tambayar Manoma: Masarata ta yi shunayya, yuriya kuma ta ƙi yin aiki

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Bana na shuka masara eka biyu a gonar gado, ta fito lafiya lau amma bayan kamar sati uku sai na ga ta tsaya cak, ganyen ƙasa ya koma wani ja-ja kamar shunayya tun daga gefe, karan kuma siriri. Na sayo yuriya buhu biyu na zuba, ganyen sama ya ɗan yi kore amma har yanzu ba ta da ƙwari, ga wuta-wuta ta fara leƙowa. Takin kamfa (NPK) kuwa ban sa ba saboda tsada. Miye matsalar? Daga wani manomi a yankin Giwa, jihar Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya sa albarka a noman. Gaskiya abin da ka siffanta ya fi kama da yunwar fosfaras, duk da dai kwanciyar ruwa ko sanyi ma kan sa ƙaramar masara ta yi wannan kalar, to ka duba ko wajen yana riƙe ruwa. Amma gonar gado da ake ta nomawa shekara da shekaru ana kwashe kara da harawa ba a mayar mata da komai, ai da wuya a ce ba shi bane.

Yuriyar da ka zuba babu fosfaras a cikinta ko ƙwaya ɗaya, naitirojin ne zalla kashi 46 cikin 100, aikinta ganye. Fosfaras shi ne na saiwa, shi ke sa shuka ta kafu tun tana ƙarama, daga baya kuma ya taimaka wajen goyo da cikar ƙwaya. In ka tumɓuke guda ɗaya cikin masarar nan ka girgije ƙasar za ka ga saiwar 'yar guntuwa ce ba ta bazu ba, to da me za ta sha yuriyar?

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne, fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa. Yuriya ruwa na narkar da ita ya kai ta wajen saiwa, shi kuwa inda ka ajiye shi nan yake zama, kuma a jar ƙasa mai tsami irin tamu sinadarin ƙarfe da alminiyam na cikin ƙasar suna kama shi su ɗaure, shuka tana kusa da shi amma ba ta samu. Shi yasa watsa shi a sama bayan masara ta kai gwiwa kusan asarar kuɗi ne, kuma wallahi abin yana damuna in na ga mutum ya ci bashi ya sayi kamfa sannan ya barbaza a kan kunya rana tsaka ya tafi. Lokacinsa ranar shuka ne ko cikin kwana goman farko, a tona ɗan rami kamar faɗin yatsu uku daga irin, a zuba a rufe. Kar ya taɓa irin, musamman takin DAP mai yawan fosfaras, yana ƙona shi.

Ka koyi karanta lambobin jikin buhu, ta tsakiya ita ce fosfaras. Buhun kilo 50 na kamfa 15-15-15 yana da kilo 7 da rabi, na 20-10-10 kilo 5 kacal, takin sufa (SSP) wajen kilo 9, DAP kuma kilo 23. Shawarar da malaman gona ke bayarwa ga masara a yankinmu ita ce kilo 60 na fosfaras a hekta (kusan eka biyu da rabi), wato buhu 8 na 15-15-15. Na san aljihun yawancinmu ba zai ɗauka ba. To akwai dabarar da masu bincike na cibiyar binciken amfanin gona ta ICRISAT suka gwada a Sadore kusa da Yamai wa manoman gero, ɗan taki kaɗan a kowane rami lokacin shuka, giram 6 na kamfa ko giram 2 na DAP, ana aunawa da murfin kwalbar lemo. Masara ta fi gero ci, amma hikimar ɗaya ce, kaɗan a bakin saiwa ya fi mai yawa a watse.

Maganar wuta-wuta ma ba ta rabu da wannan ba, shukar da ke yunwar fosfaras tana fitar da wani sinadari ta saiwarta wanda shi ne ke tayar da irin wuta-wutar daga barci. Ka tuge ta kafin ta yi fure.

Bana dai in masarar ba ta wuce sati huɗu zuwa biyar ba ka nemi ko buhu ɗaya na kamfa ka binne a gindi, za ta ɗan farfaɗo, amma kar ka sa rai da cikakken amfani. Da rani ka fara kai takin gida, kashin kaji ya fi na shanu fosfaras, ka bar shi ya ruɓe tukun. Baɗi ka raba gonar, rabi gyaɗa ko waken soya da takin sufa, don sufa na ɗauke da farar wuta da kalsiyam da gyaɗa ke so wajen cika ƙwanso, ragowar fosfaras ɗin kuma masarar da za ta biyo baya za ta ci. In da hali ka ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban a gonar ka haɗa, ka kai a auna maka, ga cibiyar binciken aikin gona ta IAR Samaru nan kusa da kai.