Ƙaramin jirgin da ya girme ka, yana da sauran ƙarfi?

Tambaya: Malam, ni mazaunin Fagge ne, ina shirin koyon tuƙin jirgin sama. An ce mini wasu ƙananan jiragen horo sun girme ni. Tsufa ba ya rage musu ƙarfi kuwa?

Amsa: Ƙanena, yana ragewa, amma mu makanikan jirgi ba shekarar ƙira muke fara tambaya ba. Cessna 172, ƙaramin jirgin da aka fi horo da shi, tun 1956 ake ƙera shi, kuma na farko-farkon ma akwai masu tashi har yau. Abin da muke buɗewa shi ne littafin gyara: awa nawa injin ya yi, yaushe aka yi masa garambawul. Injin Lycoming O-320, wanda da yawansu ke ɗauke da shi, kamfanin ya ba da shawarar a yi masa garambawul a awa 2,000 ko shekara 12, duk wanda ya riga zuwa.

Ƙarfi kuwa a hankali yake zurarewa. Zoben fistin ya ci, silinda ta fara sakin iska, filogi ya yi datti, tsakuwa ta gutsiri bakin farfela. Ga nauyi: fenti kan fenti, na'ura kan na'ura, sai jirgi ya yi ƙiba ba a lura ba. Kowanne shi kaɗai ba wani abu ba ne, amma in sun taru sai ka ga jirgin ya cinye titi kafin ya ɗaga, hawansa ma da ƙyar.

A Kano abin ya fi fitowa fili. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana kusan mita 480 sama da teku, kuma a watan Afrilu zafi kan haura digiri 40. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji da fiffike duk suna samun ƙasa da buƙatarsu. Sabon jirgi ma yana jin jiki, balle wanda ya gaji. Da hunturu kuma ƙura ce ke toshe matatar iska, wadda ta kutsa ciki ta riƙa goge silinda kamar yashi. Sa'armu ɗaya, bushewar garin nan ba ta ciyar da tsatsa kamar gishirin iskar Legas.

Ni dai wanda ya fi ba ni tsoro shi ne jirgin da aka ajiye wata da watanni. Baƙin mai ya tsiyaye, laima ta taru, tsatsa ta kama cikin inji, waje kuwa fes. In ka je makaranta, nemi a nuna maka littafin, ka duba ranar da ya tashi na ƙarshe da sakamakon gwajin matsin silinda, wato gwajin da ke nuna ko silinda tana sakin iska.