Tambayoyin Masu Karatu: Yaran Makarantar Lahadi da Kamun Kai

TAMBAYA: Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ni malamar makarantar Lahadi ce a wata ikkilisiya a Garwa ta ƙasar Kamaru, kuma dattawa sun ɗora mini nauyin kula da yara 'yan firamare, musamman 'yan ajin CM2, wato ajin ƙarshe, da za su zauna jarrabawar kammala firamare (CEP) da ta shiga sakandare. A cikin majami'a suna da ladabi, sun kuma haddace ayoyi, amma iyayensu suna kuka cewa a gida ba sa buɗe littafi, ƙwallo da wayar hannu sun ɗauke musu hankali. Wani dattijo ya ce in riƙe bulala, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wace shawara za ku ba ni?

AMSA: Malama, Allah ya saka miki da alheri a kan wannan hidima. Karin maganar da Baba ya kawo gaskiya ce, sai dai bulala ba za ta ba ki abin da kike nema ba. Yaron da yake karatu don tsoron duka yakan rufe littafin da zarar mai dukan ya fita, alhali damuwarki duka tana kan abin da yake yi a lokacin da ba kya wurin. Ga kuma doka: dokar ilimi ta Kamaru ta 1998 ta haramta dukan ɗalibai a makarantu, kuma bai dace ikkilisiya ta riƙe abin da aka hana malaman gwamnati ba. Ki je wurin dattijon cikin girmamawa, tare da Fasto idan ya yiwu, ki bayyana masa wannan.

Abin da yaran suka rasa shi ne kamun kai, wato mutum ya iya hana kansa abin da ransa yake so yanzu saboda abin da ya fi shi daraja. Manzo Bulus ya lissafa shi cikin amfanin Ruhu a Galatiyawa 5:22-23, a jere ɗaya da ƙauna da haƙuri da tawali'u, wanda ya nuna cewa aikin Ruhu Mai Tsarki ne a zuciya, don haka addu'a ba ta fita daga cikin aikinki. Amma Bulus ɗin ne kuma ya ce a 1 Korintiyawa 9:24-27 yana horon jikinsa kamar mai tsere. Mutanen Korinti sun san abin da yake nufi, domin a wancan zamani kusa da garinsu ake yin manyan wasanni duk bayan shekara biyu. Yaranki ma za su gane, tun da babu wanda bai san ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Coton Sport ba a cikinsu. Ki tambaye su ko ɗan wasan da yake guje wa atisaye zai taɓa taka filin wasa na Roumdé Adjia da ke Garwa, sannan ki bar su su ba da amsa da bakinsu.

A nan ne aikin yake da nauyi, domin wa'azi sau ɗaya a mako ba ya kafa ɗabi'a. Ki tsayar da rana da lokaci a tsakiyar mako, alal misali Laraba da yamma, a buɗe majami'a yara su zo da littattafansu. Awa ɗaya ta isa, amma kada ta motsa, ko yara uku ne suka zo. Idan ke kika makara sau biyu, darasin da za su koya ke nan, ko da kin koyar da wani abu dabam. Ki roƙi zumuntar matasa su ba ki 'yan lise, wato babbar sakandare, da suka wuce jarrabawar kammala ƙaramar sakandare (BEPC), kowane ɗaya ya riƙe yara biyu ko uku, ya duba musu lissafi da shifta, ya san inda gidajensu suke. Yaro yakan fi jin maganar yayansa da ya sha wannan jarrabawa kwanan nan fiye da ta mu manya, ko da hakan bai yi mana daɗi ba. A yi zaman a fili inda kowa yake gani, kuma da sanin iyaye.

Kafin ki yanke cewa yaro malalaci ne, ki bincika. Wani yana talla bayan an tashi makaranta, wani gidansu babu wuta da dare, wani kuma Faransancin ne bai zauna masa ba, domin da Hausa ko Fulatanci ya tashi, sai kunya ta sa ya gudu zuwa ƙwallo. Irin wannan yaro yana bukatar wanda zai zauna ya karanta masa shafi a hankali.

Ƙwallon kuwa kada ki hana. A gama karatu tukuna, sannan a buga. Batun waya na iyaye ne, kuma ya kamata a tattauna shi a zumuntar mata da taron dattawa, tare da tuna musu Afisawa 6:4, inda aka gargaɗi ubanni kada su tsokani 'ya'yansu har su yi fushi. Ki fara tun watan Satumba da aka koma makaranta, domin idan zafin Maris da Afrilu ya sauka a Garwa, yaron da bai saba zama ba zai yi wuya ya fara a lokacin.