Tambayoyinku: Me Ya Sa Ake Tambayata a Asibiti Ko Ina Shan Wani Abu?

Tambaya: Likita, ciwon kai da rashin barci suka kai ni asibiti, sai ma'aikaciyar jinya ta tambaye ni ko ina shan taba, giya ko ƙwaya. Raina ya ɓaci. Na yi kama da ɗan shaye-shaye ne?

Amsa: Yi haƙuri Malam, ba fuskarka ta duba ba. Kowane baligi ya kamata a yi wa wannan tambayar, kamar yadda ake gwada hawan jinin duk wanda ya shigo. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta tsara tambayoyin. Akwai AUDIT, tambayoyi 10 kan giya, wanda makinsa ya kai 8 cikin 40 shansa ya fara zama haɗari. Akwai kuma ASSIST, mai tambayoyi 8, da ya haɗa har taba, wiwi, ƙwayoyin barci da su kodin. Giya tana ɗaga hawan jini, tana ɓata barci, tana cin hanta a hankali. Abin da ya fi damuna ma shi ne maganin da zan rubuta: idan na ba mai shan kodin ƙwayar barci irin diyazefam ban sani ba, numfashinsa yana iya tsayawa cikin barci. Amsar da ka bayar kuma sirrin majinyaci ce.

Tambaya: Ina shan tiramol idan aiki ya yi nauyi, ba kullum ba. Da ɗaya ke isata, yanzu sai biyu ko uku. Me likita zai iya yi mini a 'yan mintuna?

Amsa: Ɗan'uwa, ka zo a kan gaɓa. Ƙaruwar adadin nan alama ce jikinka ya fara sabawa, kuma tiramol idan ya yi yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, har ga wanda bai taɓa yi ba. Za mu zauna in ba ka gajeriyar shawara; zaman bai cika wuce minti 5 zuwa 15 ba, kuma babu faɗa a cikinsa. Zan nuna maka sakamakon tambayoyin shaye-shaye da ka amsa, in tambaye ka abin da kake samu a ƙwayar da abin da take ci maka: kuɗi, barci, zaman iyali. Kai za ka faɗi matakin da za ka iya ɗauka, mu sa ranar dawowa. A kan giya da taba aka fi tabbatar da amfanin wannan gajeriyar shawara. Wanda ƙwaya ta riga ta kama, har yana gumi, hamma da ciwon gaɓoɓi idan bai sha ba, wannan sai a tura shi wurin ƙwararru.

Tambaya: Maigidana ya daɗe yana shan giya kullum, yanzu ya yi niyyar bari gaba ɗaya daga gobe. In ƙarfafa shi?

Amsa: Madalla da niyyarsa, baiwar Allah, amma don Allah kada ya yanke lokaci guda a gida. Wanda jikinsa ya saba, hannu kan fara rawa cikin 'yan awanni, jijjiga tana iya biyowa cikin kwana biyun farko, daga baya a shiga ruɗewa da gane-gane, wanda kan kai ga rasa rai. Ki raka shi asibiti tukuna, ya faɗi ainihin yawan da yake sha da lokacin da ya sha na ƙarshe. Akwai magungunan da ake bayarwa, haɗe da sinadarin tayamin (wato bitamin B1), don ya wuce waɗannan kwanakin lafiya.