Amsa ga 'yar uwar da hannayenta ke sandarewa da asuba, maigida kuma yana cewa son jiki ne

Assalamu alaikum 'yan uwa. Anti admin ki yi min haƙuri yau zan yi tsawo, don tunda na karanta tambayar baiwar Allahn nan na kasa wucewa. Ta ce tun bayan haihuwarta yatsunta suke kumbura, da asuba ba ta iya dunƙule hannu, matse wanki ya gagare ta, ko wanke hannu bayan ta yi wa jariri tsarki azaba ne saboda ruwan sanyi, ga maigida ya fara cewa son jiki ne har ya koma cin abinci a waje, tana tambaya yaya za ta yi ta riƙe aurenta. Na ga an cika ta da "ki ƙara haƙuri", wasu sun kawo mata lissafin kayan mata, wata har lambar mai gyaran jiki ta ce za ta tura mata. Haba jama'a, mace ta ce muku hannunta ba ya rufuwa kuna mata maganar gumba da tsimi?

Ƙanwata, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, abin da kika lissafa kaf na sha shi. Ni ma bayan haihuwa ya taso min, ban ma gama wanka ba. Da ina da cikin lafiyata ƙalau, sai da na sauka sannan gaɓoɓin yatsu da wuyan hannu suka fara, dama da hagu lokaci guda, sai tafin ƙafa, in na tashi sallar asuba sai na fi awa kafin hannun ya saki. Kowa da abin da yake faɗa, wannan ta ce sanyin jego ne ya shige ni don ban gasu da kyau ba, waccan ta ce iska ce, gwaggona ta rantse jifa ne. Aka yi ta kawo jiƙe-jiƙe da turare, mai kemis ɗin unguwa kuma ya haɗa min ƙwayoyi a leda, in na sha sai in ji garau, ashe diklofenak ne da deksametazon, wannan da 'yan mata ke sha don ƙiba, sha ka fashe. Fuskata ta cika ta yi tim, ƙirjina kullum yana ci da wuta, mutane kuma suna cewa ai ga ta nan har ƙiba take yi, wane irin ciwo.

Wadda ta fi kowa ƙona min rai ita ce yayar maigidana, kuma wallahi har yau in na tuna sai na ji abu ya tokare min maƙogwaro duk da na ce na yafe. Ita ce babba a ɗakinsu, abin da ta faɗa shi ake yi. Tun farko ba ta so auren ba, da 'yar ƙawarta ta so haɗa shi, to ciwon nan sai ya zame mata abin nema ya samu. In ta zo gidana ba ta zama sai ta leƙa kicin ta leƙa bayi ta ɗaga kwandon wanki, ta tafi ta kai wa Hajiya rahoto. Ranar sunan facalata aka taru a babban gida, da gangan ta miƙo min muciya a gaban mata ta ce ni zan tuƙa tuwon, tukunyar biki fa, ni da ko murfin robar ruwa ba na iya buɗewa. Na kama, muciyar ta suɓuce, aka yi dariya, ta ce "ku gani ko, amma in waya ce hannun lafiyarsa lau." Ban ce komai ba, na shige ɗakin Hajiya na yi kukana.

Wannan duk mai sauƙi ne. Bayan sunan da kwana kaɗan yara suka fara amai da gudawa, ba nawa kaɗai ba, yaran gida uku ne, don a wajen sunan roba ɗaya aka ajiye da ruwa kowa yana tsoma hannu yana wucewa, babu sabulu, ruwan har ya canja kala, a haka aka ci tuwo a faranti ɗaya. Amma nawa ne ya fi galabaita, ɗana na fari, aka ba mu gado aka sa masa ƙarin ruwa, ga jaririya a bayana. Matar nan ta shigo ɗakin marasa lafiya, ɗaki cike da masu jinya, ko sannu ba ta ce min ba, ta dubi ƙanin nata ta ce "ai dole, yaro yana cin abinci daga hannun da ba ya wankuwa, hannu kamar na kuturwa, ni dai na gaya maka ka nemi mata tun kafin ta kashe maka 'ya'ya." Innalillahi. 'Yan uwa, a gaban mutane. Shi kuma Abban yara yana tsaye ya sunkuyar da kai bai ce uffan ba, kuma shirunsa ya fi maganarta yi min ciwo, don ita na san ba ta ƙaunata, shi kuwa a gabansa nake kwana ina juyi, yana jin nishina da dare. Ni ba kishiya nake tsoro ba, a gidan mata uku na tashi, amma a ce ɗana yana kwance ido ya faɗa ana maganar aure a kansa? A daren nan na yanke a raina in an sallame mu gidanmu zan wuce, ko kayana ba zan koma ɗauka ba.

Allah da ikonsa wata nas mai aikin dare ta ga ina fama da ledar haɗin gishiri da sukari na kasa yagawa, ta kama hannuna ta juya shi ta danna gaɓoɓin, na yi ƙara, ta ce tun yaushe, ta ce da safe zan ga likita ni ma. Daga nan aka ba ni takarda zuwa asibitin koyarwa wajen likitan gaɓoɓi. Aka ɗibi jini aka yi gwaje-gwajen da ake binciken ciwon gaɓoɓi da su, waɗanda suke kira RF da anti-CCP da ESR, aka yi hoton hannu, sakamako ya fito amosanin gaɓɓai ne irin wanda suke cewa rumatoyid, wato garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa tana cin gaɓoɓinsa. Ba sanyi ba ne, ba tsufa ba ne, ya bambanta da ciwon gwiwar da iyayenmu ke yi na goguwar ƙashi. Ya fi kama mata, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne, sannan an san shi da lafawa lokacin goyon ciki ya taso bayan haihuwa. Ba na ce lallai naki irin nawa ba ne, ni ba likita ba ce, akwai ciwukan hannu da dama da ke kama mai jego, amma kumburi a hannu biyu da sandarewar asuba da ta wuce rabin awa ba abin zama a gida ba ne, don gaɓa in ta lanƙwashe ta lanƙwashe kenan, magani ba ya miƙar da ita, hana ta kai wa can yake yi. Ƙaramin yatsana na dama shaida ne. In kina Kano ki nemi a tura ki asibitin Malam Aminu Kano, in Zariya ce Shika, in Maiduguri asibitin koyarwa na jami'a, ki ce likitan gaɓoɓi kike so, kar ki tsaya a kemis.

Kuma dan Allah ki tafi da maigidan, ko da dabara ce, ki ce ba ki iya riƙe jaririya a Keke Napep, ya kai ki. Ki sa ya shiga ɗakin likita, kar ya tsaya a waje yana danna waya. Namiji sau dubu ki ce masa hannuna na ciwo zai ɗauka ƙorafin mata ne, amma ya ga takarda da lambobi, ya ji wani namiji ko mace mai farar riga ta ce masa matarka ba ta da lafiya kuma in ba a kula ba za ta nakasa, nan take jikinsa ke sanyi. Nawa a mota muna dawowa bai yi magana ba har muka kusa gida, sai ya tsaya ya sayo fulas babba na ruwan zafi. Bai taɓa buɗe baki ya ce ki yafe min ba, kun san mazanmu, amma tun daga ranar shi yake dafa ruwa da dare ya cika fulas ɗin saboda alwalata ta asuba. Ni kuma na daina ɓoyewa, da can sai in cije in yi aikin in shiga bayi in yi kuka don kar a ce raguwa ce, to wanda bai ga wahalarki ba da me zai tausaya miki? Yanzu in ranar ta tashi da ciwo tun da safe nake cewa Abban yara yau hannun ba daɗi, a sayo waina ko a dafa taliya, ba faɗa ba kumbure-kumbure. Ranar da na ji dama kuma sai in yi masa abin da yake so har da ƙari, in yi kwalliyata in yi turarena. Maganar shimfiɗa ma ki gaya masa gaskiya, asuba ce lokacin da jiki ya fi sandarewa, ku nemi lokacin da kika fi sakewa bayan kin yi wanka da ruwan ɗumi, kar ki riƙa juya masa baya ba bayani ya ɗauka ƙinsa kike. In yana da malamin da yake jin maganarsa ba laifi a tuna masa Nana Aisha ta ce Manzon Allah (SAW) yana taya iyalinsa hidimar gida.

Af, na manta, ki cire zobe tun yanzu kafin ya maƙale, nawa sai da aka kai wa maƙeri ya yanka.

Batun wanke hannu kuwa kar ki yi wasa da shi don ciwo, ga jaririya kina shayarwa, kuma in aka ɗora ki a kan maganin wannan ciwon yana rage ƙarfin garkuwar jiki, abin da wani zai ɗauka ya warke a kwana biyu ke sai ya kwantar da ke. Ki sirka ruwan ya yi ɗumi, ɗumin don gaɓoɓinki ne, sabulu da cuɗawa su ke fitar da datti. Sabulun gunduwa suɓucewa yake a hannu irin namu, ki sayi na ruwa mai abin dannawa ki riƙa dannawa da tafin hannu ko gwiwar hannu. Buta ma nauyi take min, sai muka sayi bokitin nan mai kan famfo da aka yi yayinsa lokacin korona a 2020, aka ɗora a kan kujera a bakin bayi, ki sa a sa miki kai mai ɗagawa ba mai murɗawa ba. Ki cuɗa kamar daƙiƙa 20, tsakanin yatsu, babban yatsa, bayan hannu, ƙarƙashin farce, a hankali ba sai kin matsa ba, in ma cikin ruwan ɗumi ne sai ki ji yatsun suna saki. Bayan bayi, bayan tsarkin yaro ko canja famfas, kafin girki, kafin ki ba da nono ko ki ci abinci. Sanitiza tana taimako in kina hanya amma in kashin yaro ya taɓa hannu sai dai ruwa da sabulu. Ki goge da tawul mai tsabta ki shafa man kaɗanya saboda hunturu kar fata ta tsage. Kuma a gidana yanzu an daina robar tsoma hannu, ko wace baƙuwa ce zuba mata ake da buta, har ita yayar tasa, ranar farko ta harare ni na yi kamar ban gani ba. Har yau fa ba ta yarda ina da ciwo ba, cewa take na shanye mata ƙani, wai har ruwan zafi yake dafa min, ranar nan ma a gidan biki na ji ta tana ba da labarin... bari dai in bar ta nan.

Maganin da nake sha metotreksat ne, sau ɗaya a sati, ki ji da kyau a SATI ba kullum ba, shan sa kullum yana iya kisa, ana haɗa shi da folik asid kuma ana duba jini da hanta lokaci-lokaci. Ba ya aiki nan take, yakan ɗauki sati 6 zuwa 12, kar ki ce bai karɓe ki ba ki koma wa ledar mai kemis, waccan ledar ita ta bar ni da olsa kuma tana taɓa ƙoda. Amma ke da kike shayarwa ki gaya wa likita tun kafin ya rubuta, mai shayarwa da mai ciki ba sa shan metotreksat, yana illata ɗan tayi, akwai wasu da ake ba mai goyo kamar haidroksiklorokwin. Wannan ma dalili ne na shiga da maigida, don dole ku yi maganar tazarar haihuwa ku biyu da likita, kar gobe dangi su ce kin ƙi haihuwa. Sallah in tsayuwa ko durƙuso ya gagara ki yi a zaune, addini ya ba ki dama.

Ita kuma 'yar uwar da ta ce a tura mata kuɗi tana da jiƙon da ke warkar da amosani a sati ɗaya, Anti admin a duba lamarinta. Ƙanwata ki rubuto garin da kike, a cikinmu ba za a rasa wadda ta san ranar da likitan gaɓoɓi yake zama a asibitin kusa da ke ba, don ba kullum suke ganin marasa lafiya ba kuma layin yana da tsawo, ki je da sassafe da katinki da duk ledojin magungunan da kika sha. Allah ya ba ki lafiya ya raya jaririya.