Ku Tambaya Mu Amsa: Wai rancen gwamnati na saka sola ɗin nan, yana kaiwa ga talaka kuwa?

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon kamar kun haɗa baki, saƙonnin da suka shigo kusan duk a kan abu ɗaya ne, wato kuɗin da gwamnatoci ke cewa sun ware don a ba masu ƙaramin ƙarfi da masu ƙananan sana'o'i rance su saka sola. Na zaɓi guda biyar, wasu na rage musu tsawo, ku yi haƙuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tela ne, kekuna uku gare ni da yara biyu da ke min aiki, amma wallahi janareta ne ke cinye ribar. Kullum a rediyo sai ka ji an ware biliyoyi don makamashi mai tsafta amma ni dai ban taɓa ganin wanda ya samu ba. Ina kuɗin suke shiga? Kuma me zai hana a raba solar kyauta kawai kowa ya huta?

AMSA: Yawwa ɗan'uwa, sannu da ƙoƙari. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne, da wuya ka ga gwamnati da kanta ta buɗe taga tana miƙa wa mutane wannan rancen. Yawanci kuɗin suna zuwa ne wani bankin raya ƙasa ko wata hukuma, ita kuma sai ta bai wa ƙananan bankuna ko ƙungiyoyin gama kai ko kamfanonin sola a kan kuɗin ruwa mai sauƙi, su ne za su nemo ka ko kai ka neme su. Shi ya sa za ka iya cin moriyar kuɗin gwamnati ba ka ma sani ba, kai dai ka ga kamfani ya yarda ka biya kaɗan-kaɗan. Kuma shi ya sa, gaskiya, wani lokacin kuɗin suke maƙalewa a hanya, don kowane hannu da suka bi yana da nasa fom da nasa sharaɗi da nasa kaso.

Dalilin da ya sa ake buƙatar gwamnati a ciki kuwa ka fi ni saninsa. Janareta sayensa da sauƙi, ciyar da shi ne wahala. Sola kuma akasin haka, kusan duk kuɗin a ranar farko ake biya, daga nan rana kyauta ce. Farashin farantan sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, amma duk da haka mutumin da sai ya fita kullum zai samu na cefane ba zai iya haɗa kuɗin fanel da batir da inbata (na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida) a lokaci guda ba. Bankin kasuwa kuma baya son irinka, ba don ya tsane ka ba, a'a, rancen ƙarami ne, aikin bibiyarsa da yawa, ba ka da takardar fili da za ka jinginar, cinikinka kuma baya bi ta akawun balle su ga tarihinka. To a nan gwamnati take shigowa, ko ta ba da kuɗi mai dogon wa'adi, ko ta ce wa banki ba shi, in ya kasa biya ni zan ɗauki wani kaso na asarar. Jihar Connecticut a Amurka ta kafa banki na musamman don irin wannan aikin a 2011, kuma ɗaya daga cikin dabarunsa kenan, ajiye kuɗin cike giɓin asara don ƙananan bankuna su saki jiki su ba da rance.

Maganar rabawa kyauta, bari in ba ka labarin Bangaladash. Wata hukumar gwamnati mai suna IDCOL ta fara shirin sola na gidaje a 2003 da tallafin Bankin Duniya, tana ba ƙungiyoyi irin su Grameen Shakti kuɗi, su kuma su kai kayan ƙauyuka, mai gida ya ba da ɗan kafin alƙalami sauran ya biya wata-wata har zuwa shekara uku. Zuwa 2018 an saka fiye da miliyan 4. Amma ka san me ya taimaka wajen karya kasuwar? Wutar gwamnati ta fara isa ƙauyukan da sauri, sannan kuma aka zo da wani shirin ana raba sola kyauta. Wanda ke biyan bashi ya ga maƙwabcinsa ya samu a ɓagas, sai ya ce to ni wawan wa ne, biya ya ja baya. Ni ra'ayina kyauta tana da wurinta, ga wanda ko me aka yi ba zai iya biya ba, amma mai kekuna uku kamarka rance mai sauƙi ya fi maka, don wanda yake binka bashi dole ya ɗaga waya in kayan sun lalace, wanda ya ba ka kyauta kuwa ya gama nasa tun ranar da aka ɗauki hoto.

TAMBAYA: Salam. Ni uwa ce mai yara huɗu, ina sayar da ƙanƙara da kayan sanyi a gida da firiza ɗaya. An ce akwai rance mai sauƙi na mata masu sana'a don sola, amma ni tsoron bashi nake ji kamar me, maigidana ma yace kar in jawo mana abin kunya. Ta yaya zan san ko zai fishshe ni?

AMSA: Hajiya tsoron nan naki ba laifi bane, riƙe shi, shi zai sa ki yi lissafi. Ki samu ɗan littafi, daga gobe har kwana talatin ki rubuta duk abin da wuta ta ci miki, man janareta, baƙin mai, kuɗin mai gyara, kuɗin wutar da kike biya, har da ranar da aka ɗauke wuta ƙanƙara ta narke kika yi asarar ciniki. Kar ki yi kintace da ka, ka yana rage wasu yana ƙara wasu. Ƙarshen wata ki haɗa. In abin da za ki rinƙa biya na rancen duk wata bai kai wannan adadin ba, ko sun yi kusan daidai, to kin samu hanya, don kuɗin da dama kike ƙonawa ne za ki juya. In kuma ya ninka shi to ki dakata, komai daɗin bakin wanda ya kawo fom. Kuma ki tuna sana'arki tana da lokaci, da sanyi ciniki yana ja baya amma bashi baya sanin sanyi, ki tambaya ko za su yarda a rage biya a watannin da babu kasuwa.

Wannan lissafin ba ƙaramin abu bane, har gwamnatoci ya kayar. Birtaniya ta fito da wani shiri a 2013 na ba gidaje rance su gyara yadda suke amfani da makamashi, ana cire biyan ta cikin takardar kuɗin wuta, amma kuɗin ruwan ya kai wajen kashi 7 zuwa 10, mutane suka duba suka ga ba riba, gidaje kusan 14,000 kacal suka karɓa, a 2015 gwamnati ta janye kuɗinta. Kin ga kenan sunan gwamnati a jikin rance baya nufin yana da sauƙi. Ki ce su rubuta miki jimillar abin da za ki biya daga farko har ƙarshe, lamba ɗaya, da duk wani kuɗin fom da na inshora da na sakawa, ba wai kashi kaza a wata ba.

Sai kuma batir, wanda nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Fanel mai kyau yana kai shekara 25. Batir ɗin ruwa irin na da kuwa shekara uku zuwa biyar ne in an lallaɓa shi, in da zafi ma baya kaiwa. Na litiyam yana iya kai shekara goma amma ya fi tsada. Ni kaina na taɓa faɗawa, na karɓi kaya a wajen wani kamfani biya kaɗan-kaɗan, yaran da suka zo sakawa suka jera batiran a wani ɗan sito mara taga suka ce ai nan ya fi tsaro, ni kuma ban san komai ba na ce to. Ba a cika shekara biyu ba na shiga wata rana na ga gefen ɗaya ya kumbura kamar cikin ɗan akuya, ɗakin yana wani wari, ƙarfe tara na dare inbata ta fara ƙara tana kashe kanta. Na kira su suka ce garantin batir shekara ɗaya ne, yana rubuce a shafi na uku wanda ban karanta ba. Haka na ci gaba da biyan kuɗin abin da ya mutu, ga kuma kuɗin mai ya dawo. Don haka ki tabbatar garantin batir ya kai tsawon wa'adin rancen, in rancen shekara uku ne garanti shekara ɗaya to sauran biyun a wuyanki suke.

Ƙarin abu ɗaya, firiza lokacin da kwamfuresa zata tashi tana jan wuta ninki uku ko fiye na abin da take ci in tana tafiya, don haka kar a auna miki inbata da abin da aka rubuta a bayan firizar kawai. A zo a gwada a gabanki, da rana da kuma dare.

TAMBAYA: Malam duk wannan bayani naka mun ji, amma ina hukuncin kuɗin ruwa? Ko kashi ɗaya ne ai riba riba ce.

AMSA: Haka ne Malam, kuma ni ba mai ba da fatawa bane, wannan sai malamai. Abin da zan iya faɗa shi ne akwai hanyoyin da bankunan Musulunci suke bi kuma sun dace da sola sosai tunda kaya ne ake gani a taɓa. Akwai murabaha, banki ya sayi kayan ya zama nasa sannan ya sayar maka da ribar da kuka yi yarjejeniya tun farko, ka biya a hankali, farashin baya ƙaruwa. Akwai ijara, ka yi hayar kayan har zuwa lokacin da zasu zama naka. Har a matakin ƙasa ma ana yi, Indunusiya ta fitar da sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na ayyukan kare muhalli na dala biliyan 1.25 a 2018. Abin da za ka bincika shi ne ko da gaske bankin ya mallaki kayan kafin ya sayar maka, ko kuwa kuɗi kawai aka tura maka aka canza wa ruwan suna, da kuma me ke faruwa in ka makara da biya. Ka ɗauki takardar ka kai wa malamin da ya san mu'amalar kuɗi ya karanta kafin ka sa hannu.

TAMBAYA: Ni ɗan haya ne, rufin ba nawa bane. Mu shikenan an bar mu a baya?

AMSA: Ba a bar ku gaba ɗaya ba amma gaskiya ku ne kuka fi shan wahala a irin wannan shirin, mai gida baya son kashe kuɗi tunda ba shi ke biyan wuta ba, kai kuma baka son gyara rufin wani. Ka nemi ƙaramin saiti wanda ake kwancewa a tafi da shi, irin wanda kamfanoni kamar M-KOPA suka yaɗa a Kenya, ana biya ta waya kullum ko duk mako, in ba ka biya ba su kashe shi daga ofis, in ka gama biya ya zama naka. Ka dai haɗa jimillar, don sau da yawa ta fi kuɗin hannu nesa ba kusa ba. Ka kuma samu yardar mai gida a rubuce cewa kayan naka ne ranar da za ka tashi.

TAMBAYA: Yaya barka. Wani ya zo unguwarmu yace shi wakili ne, a biya kuɗin rajista a shiga layin wani babban shirin da za a fara kwanan nan, wai har ƙasashen Turawa ma haka ake yi. In biya in jira, ko in haƙura in nemi wata hanya? Ya kuma ce masu gida su kawo takardar gida don a fi saurin ba su.

AMSA: Ƙanina kar ka ba shi ko sisi. Ka tambaye shi sunan bankin ko hukumar, ka tashi da ƙafarka ka je ofishinsu ka tambaya ko sun san shi, ko ka kira lambar da ke shafinsu na intanet, ba wadda shi ya ba ka ba. Kuɗi in za a biya a asusun hukuma ake biya a ba ka rasit, ba a asusun wani mutum ba.

Shi kuma jiran babban shiri, ko na gaskiya ne ma ba a gina sana'a a kansa, don kuɗin gwamnati da siyasa suke tafiya. Tunda ya ambaci Turawa bari in ba ka nasu. A 2022 Amurka ta yi dokar da ta ware dala biliyan 27 don irin wannan aikin, biliyan 7 daga ciki don sola ga gidajen masu ƙaramin ƙarfi, a Afrilun 2024 har an sanar da waɗanda za su karɓa su raba, ana maganar gidaje kusan 900,000. Gwamnati ta canza, a Maris ɗin 2025 aka soke biliyan 20, a Agusta aka ce na solar ma an tsayar, magana ta koma kotu. Ka ga wanda ya ƙi sayen komai yana jiran wannan ai ya sha zama.

Maganar takardar gida kuma ita ta fi tayar min da hankali. A can Amurkan ma akwai wani tsari da ake ɗora bashin gyaran makamashi a kan harajin gida, ƴan kwangila suka rinƙa bi gida-gida suna sa tsofaffi sa hannu a abin da ba su gane ba, wasu har gidansu ya shiga haɗari, sai da gundumar Los Anjalas ta rufe nata shirin a 2020. Rancen sola na ƙaramin gida ko shago, kayan da kansu sun isa jingina, in ka kasa biya su zo su kwance abinsu. Ka gaya wa dattawan unguwarku kar wanda ya fito da takardar gidansa daga akwati, in kuma mutumin ya dawo ku ce ya bar lambar ofishinsu da sunan manajan reshe za ku neme shi.

Masu tambaya a kan famfon ban ruwa mai amfani da sola, na ga saƙonninku, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.