Kyanwar da ta daina hawa taga: amsa ga 'yar'uwa mai tambaya

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, sannu da jinya. Kin ce kyanwarki mai shekara 13 ta daina hawa tagar da ta saba kwanciya, gashin bayanta ya fara dunƙulewa, wani lokaci tana fitsari a gefen tiren rairayinta maimakon ciki, amma ba ta ɗingishi, ba ta kuka, kuma tana cin abincinta. Kika tambaya ko tsufa ne kawai, sannan wani ya ce ki gutsura mata farasitamol. Ni ba likita ba ce, mai kiwon kyanwowi ce da ta daɗe a ciki, kuma biyu sun tsufa a hannuna da irin wannan lalurar.

Bari in fara da na gaggawa. Don Allah kada ki ba ta farasitamol, ko da ɗan gutsure ne. Hantar kyanwa ba ta da isasshen sinadarin da ke sarrafa wannan magani kamar tamu, sai ya rikiɗe ya zama guba a jininta, jinin ya kasa ɗaukar iska. Dasashinta ya koma ruwan ƙasa, fuska da tafin ƙafa su kumbura, numfashi ya gagara. Ƙwaya ɗaya ta babban mutum tana iya kashe ta. Haka ibuprofen da diclofenac, su kuma ƙoda da ciki suke ci. Har man zafin da muke shafawa a gwiwa bai tsira ba, domin duk abin da ya taɓa jikin kyanwa lashe shi za ta yi. A 2015 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi bayan wasu kyanwowi sun mutu, ba don an shafa musu ba, masu su ne suka shafa wa kansu man ciwo mai ɗauke da flurbiprofen, kyanwowin suka same shi daga nan. Kada garin neman gira a rasa ido.

Sai maganar tsufa. Shekaru kaɗai ba sa hana kyanwa tsalle, sai da dalili, kuma dalilin da ya fi yawa shi ne zaizayewar gaɓoɓi. Guringuntsin da ke lulluɓe da bakin ƙashi yana cinyewa a hankali, gaɓar ta kumbura, ƙashi ya riƙa tsiro a gefe, motsi ya zama azaba. Ya fi kama kwankwaso, gwiwa, gwiwar ƙafar gaba, idon sawu da ƙasan ƙashin baya. A 2002 masu bincike a jami'ar jihar North Carolina da ke Amurka sun duba hoton ƙashin kyanwowi 100 da suka haura shekara 12, suka ga alamar zaizayewar a jikin 90, alhali ba don ciwon gaɓa aka kai su asibiti ba. Wani binciken na 2011 a ƙasar Holan ya same ta a kashi 61 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 6 zuwa sama. Kin ga taki mai 13, da a ce ba ta da shi ne ma za a yi mamaki.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne rashin ɗingishi. Kare in ƙafa ta dame shi kowa sai ya sani. Kyanwa kuwa galibi ɓangarorin biyu ciwon ke kamawa tare, to wace ƙafar za ta ɗaga ta bar wa ɗaya nauyi? Ga ta kuma da ɓoye rauni, haka halittarta take. Don haka ba a neman ciwonta a kuka, a abin da ta daina yi ake nemansa. Wannan ita ce maganar da nake so ki riƙe, domin da ita za ki gane ciwon, da ita kuma za ki gane ko magani yana aiki.

Ki zauna ki kalle ta ba tare da ta san kina kallo ba. Ta farkon da na yi jinya, a bakin tebur na gane. Da can dira take ba tunani. Sai ta koma ta tsaya a baki, ta leƙa ƙasa, ta ja baya, ta sake leƙawa, sannan ta zuro ƙafafun gaba a jikin ƙafar teburin tana zamewa har ta rage nisan, kana ta saki jiki ta faɗi tim, ta ɗan tsaya kafin ta wuce. Wajen hawa kuma sai ta yi ta rausaya ƙugu kamar za ta yi tsalle, ta fasa, ta zauna tana lasar hannu wai ita dama ba hawa za ta yi ba. In ta tashi daga barci taku uku huɗu na farko a sanƙare, kamar tsohuwar da ke dafa gwiwa kafin ta miƙe.

Gashin da kika ce ya dunƙule a baya, shi ma daga nan ne. Kyanwa sai ta lanƙwashe kafin harshenta ya kai ƙugu da gindin wutsiya, in baya na ciwo sai ta bar wurin. Ki kuma duba faratanta yau ɗin nan. Tsohuwar kyanwa mai ciwo takan daina wasa farce a jikin itace, sai ya yi kauri ya lanƙwasa. Na taɓa ɗaga ƙafar ɗaya kyanwar tawa na tarar farcen ya zagayo ya nutse a tsokar tafinta, wurin har ya fara ruwa, ita kuwa ko ƙorafi babu. Wasu halinsu ne ke sauyawa: wadda ta saba hawa cinya ta koma ɓuya a lungu, in kin shafa bayanta fatar ta motsa, ta juyo da huci ko yagushi. Ba baƙin hali ba ne.

Ki ɗauke ta bidiyo da waya tana tafiya, tana hawa kujera, tana sauka. Kyanwa a teburin likita ƙanƙame jiki take ta ƙi motsi, abin da ya gani a wayarki ya fi masa amfani. Hoton ƙashi yana taimakawa, amma ba kullum yake tafiya daidai da zafin ba, akwai mai mummunan hoto tana yawonta, akwai mai hoto da dama-dama tana shan wuya. Ki nemi a yi mata gwajin jini da na fitsari, a auna nauyinta. Dalili biyu ne. Fitsarin gefen tire yana iya zama na ciwon mafitsara, ciwon suga ko ƙoda. Sannan ciwon ƙoda ya yi yawa a tsofaffin kyanwowi, sau da yawa ma tare suke zuwa da na gaɓa, kuma shi ke yanke irin maganin da za a bayar da yawansa.

Maganin da aka fi sani shi ne meloxicam na ruwa, ana ɗiga shi a abinci sau ɗaya a rana. A Turai da Ostireliya an amince a daɗe ana ba kyanwa shi a ƙaramin awo. A Amurka kuwa tun 2010 aka sa masa gargaɗi mai ƙarfi a kan maimaita shi ga kyanwa saboda ƙoda, shi ya sa za ki ji bakin likitoci ya rabu. Ni dai na ga amfaninsa da idona. Amma yana da ƙa'idoji da ba a wasa da su. Na kare ya ninka na kyanwa ƙarfi sau uku, kada a ɗauko kwalbar kare a auna da ka. A ba ta bayan ta ci ko a cikin abincin da aka tabbatar za ta cinye. Ranar da ta ƙi ci, ko ta yi amai ko gudawa, ko ba ta shan ruwa, a tsayar a kira likita, domin a jikin da ya bushe ne yake taɓa ƙoda. Ba a haɗa shi da prednisolone ko wani maganin kumburi, yana iya huda ciki. Kuma a riƙa sake gwajin jini lokaci zuwa lokaci, likita ya yi ta rage awon har a sami mafi ƙanƙantar da ke riƙe ta. Akwai ɗan'uwansa robenacoxib, ana sayar da shi da sunan Onsior, dokokinsu kusan ɗaya.

Sabon da ya shigo shi ne allurar Solensia ta kamfanin Zoetis, Turai ta amince da ita a 2021, Amurka a farkon 2022. Sau ɗaya ake yi a wata, a ƙarƙashin fata. Aikinta daban ne: tana kama wani sinadari da ke rura saƙon zafi a jijiyoyi ta hana shi aiki, kuma ba ta ƙoda jiki ke fitar da ita ba, shi ya sa likitoci ke karkata gare ta ga masu raunin ƙoda. Wasu kyanwowin sukan sami ƙaiƙayi da ɓawo a wuya ko kai, wasu amai. Ba a yi wa mai ciki ko mai shayarwa. Tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba, sannan ba ta gyara gaɓar, zafin take kashewa. Gabapentin kuma ana ƙara shi in ciwon ya haɗa da jijiya, sai dai yana sa barci da tangaɗi a farko, ana rage shi ga mai ciwon ƙoda. Tramadol ɗaci gare shi har kyanwa ta yi ta kumfa da dalala, ba na sha'awar faɗan da ake yi kafin ta haɗiye.

Na kayan ƙarin abinci, gaskiya ban ga abin a zo a gani daga glucosamine da chondroitin ba, kuma bitar bincike da aka yi a 2022 ma ba ta same su da wani tasiri ba. Man kifi mai omega-3 ya fi su hujja, shi ma a hankali yake aiki. A nan ki kula: man jikin kifi ake nufi, ba man hantar kifi ba. Na hanta cike yake da bitamin A, kuma yawan bitamin A yana sa ƙashi ya yi ta tsiro a wuyan kyanwa har ta kasa juya kai. Haka yake faruwa ga wadda aka ɗora a kan cin hanta kullum.

Yanzu ga inda hannunki ya fi na likita tasiri, wato gida. Tiren nan nata, ki duba tsayin bakinsa. Mai ciwon kwankwaso ɗaga ƙafa ta tsallaka wahala ne, tsugunon ma wahala ne, sai ta zo har wurin ta yi a gefe. Zuwanta gefen ma shaida ce tana so ta yi daidai. Ki samo faffaɗa mai gajeren baki, ko ki yanke gefe ɗaya ki yi mata ƙofa, rairayin ya zama mai laushi, kuma kada ta sai ta hau matakala kafin ta kai. Tagar da ta bari kuma ki mayar mata da ita: ɗan akwati, sai kujera, sai taga, ya zama hawa uku ƙanana maimakon tsalle ɗaya. Su tsaya da ƙarfi, in abu ya girgiza da ita sau ɗaya ba za ta sake taka shi ba. Kyanwa tana son kallon duniya daga sama, hana ta wannan yana kashe mata jiki fiye da yadda muke zato. In daɓen yana santsi ki shimfiɗa ɗan kafet a hanyarta. Wurin kwanciya mai taushi da ɗumi, nesa da iska. Kwanon abinci da na ruwa ki ɗan ɗaga su kaɗan don kada ta yi ta sunkuyo. Ki taje mata bayan da taushin hannu, ki yanke faratan. Dunƙulen gashi kada ki sa almakashi a kai, fatarsu siririya ce tana shiga cikin ƙullin, a aske da inji.

Ki shafa haƙarƙarinta. In sai kin danna kafin ki ji ƙashi, ƙiba ta yi yawa, kuma kowane ɗan nauyi a kan gaɓar yake sauka. Amma rage wa kyanwa ƙiba ba da yunwa ake yi ba. Mai ƙiba in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba kitse yakan taru a hantarta, ciwo ne mai kisa. A auna abincin, a rage kaɗan-kaɗan, ta riƙa sauke kamar kashi 1 cikin 100 na nauyinta a mako. In kuma ramewa take alhali tana ci sosai, wannan wani zance ne daban, ki faɗa wa likita. Wasa ma kada ki daina, naman cinya shi ke tallafe gaɓa. Ki ja mata igiya a ƙasa ta bi na 'yan mintuna, ban da ɗaga abin sama don ta yi tsalle.

Kafin a fara magani ki zaɓi abu uku ko huɗu da ta daina, misali hawa taga, gyara bayanta, shiga tire, zuwa tarbarki a ƙofa. Ki rubuta, ki riƙa dubawa duk mako. Sauyin a hankali yake zuwa, ido yana sabawa, ba don rubutun ba sai ki ce maganin bai yi komai ba, ko ki ce ta warke ki daina. Ba a warkewa daga wannan, lallaɓa shi ake yi, kuma da yawa daga masu daina magani don sun ga sauƙi sukan koma gidan jiya.

Abu biyu kada ki ɗauke su a kan ciwon gaɓa. In ta wayi gari tana jan ƙafafun baya, sun yi sanyi, tana ihu da haki, gudan jini ne ya toshe babbar jijiya, galibi daga ciwon zuciya, a ruga da ita asibiti a take. In kuma kika ga tana taka dukkan dunduniyar ƙafar baya a ƙasa maimakon yatsu, a gwada sugarta. Allah ya ba ta sauƙi. In kin dawo da sakamakon gwajin ki sanar da mu abin da aka ce game da ƙodar, daga nan sauran maganar za ta tashi.