Tambayoyinku: Yaya Ake Mayar da Azurfa Tawadar Lantarki?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mai gyaran waya ne. Na ga ana tallar wani alƙalami da aka ce tawadarsa ta azurfa ce, idan ka ja layi da shi wuta za ta bi. Gaskiya ne ko yaudara? Kuma zan iya haɗa layin da ya katse a fanel ɗin waya da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ba yaudara ba ce, amma kada ka yi gaggawar jefar da ƙarfen sodarka.

A duk ƙarafa babu wanda ya kai azurfa ɗaukar lantarki, jan ƙarfe ma yana bayanta ne. Matsalarta ita ce ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 962, zafin da zai ƙone duk wata roba ko takarda ƙurmus. Dabarar da masana suka samo ita ce su yi azurfar ƙwaya-ƙwaya, kowace ba ta wuce nanomita 100 ba. Nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita. Kaurin gashin kanka ya kai wajen nanomita 80,000. Idan ƙwaya ta ƙanƙance haka, kaso mai yawa na zarrarta yana zaune ne a fatarta, bai kamu sosai ba. Shi ya sa zafin digiri 150 zuwa 200 kawai ya isa ƙwayoyin su manne da juna su zama layin ƙarfe guda. Wannan zafi kuwa wasu robobi na iya jurewa.

Ba niƙa azurfar ake yi ba. Ana narkar da gishirinta, wato naitiret na azurfa, a zuba sinadarin da zai dawo da ita ƙarfe, sannan a lulluɓe kowace ƙwaya da wani abu mai kama da ƙaro, kamar PVP, don kada su dunƙule a kwalba. Bayan an buga zanen, sai a gasa: ruwan ya ƙafe, rigar ta janye, ƙwayoyin su kama hannun juna. Da haka ake buga eriya, na'urorin auna zafi ko motsi, da hanyoyin lantarki a kan leda mai lanƙwasa, kamar yadda firinta ke buga hoto.

To, alƙalamin naka. Galibin waɗanda ake sayarwa ba sa ɗauke da ƙwayoyin nano ma, ɓarɓashin azurfa ne mai ɗan girma a cikin gam, kuma iska ce ke busar da shi. Yana aiki a rimot da madanninsa suka cinye, ko kibod, ko layin ɗumama gilashin bayan mota. Layukan fanel ɗin waya kuwa sun fi bakin alƙalamin siranta, tawadar za ta malala ta haɗa layi biyu. Layin caji ma ba zai so turjiyarta ba, zai yi zafi. A nan siririn waya da soda sun fi maka.

Tambaya: Malam, an ce akwai azurfa a cikin allon taɓawa. In haka ne, me ya sa muke ganin hoto tar?

Amsa: Akwai a wasu, ba a duka ba. Allon taɓawa na buƙatar shimfiɗa mai ɗaukar lantarki wadda haske ke ratsawa. An daɗe ana amfani da ITO, haɗin indiyom da kuza. Yana da kyau a kan gilashi, sai dai indiyom ba shi da yawa, wajen tace zinki ake samunsa, kuma ITO yana tsagewa idan an lanƙwasa shi. Madadinsa shi ne zaren azurfa mai kaurin nanomita gommai, tsayinsa ya ninka kaurin sau ɗaruruwa. Ana baza su kamar ragar sauro: wuta ta bi zaren, haske ya bi ramuka. Ka lanƙwasa, ragar ta bi ka.

Laifinta biyu ne. Farar wutar da ke cikin iska tana baƙanta azurfa, kamar yadda kake gani a zobe, kuma zare mai wannan siranta ba ya jure tsatsa. Sannan in akwai danshi da lantarki tare, azurfa tana rarrafowa ta yi reshe har ta taɓa layin kusa. Dole a rufe ta sosai, abin da ke ƙara wa masana'anta aiki ke nan.

Tambaya: Na ga hoton ruwan ƙwayoyin azurfa, amma ruwan ɗorawa ne. Ba fara ba ce azurfa?

Amsa: Wannan ce tambayar da na fi so. Idan haske ya bugi ƙwaya mai wannan ƙanƙanta, elektaron ɗinta suna kaɗawa tare. Ƙwaya zagayayyiya tana shanye haske mai tsawon zango wajen nanomita 400, ɓangaren shuɗi da shunayya, sai idonka ya ga ragowar, wato rawaya. Canza girma ko siffa, launin ya canza. Masu gilashi sun riga masana: kofin Lycurgus na Rumawa, na ƙarni na 4, da ke gidan tarihin Birtaniya a Landan, kore ne idan haske ya faɗa masa daga gaba, ja idan ya ratso ta baya, saboda ƙwayoyin azurfa da zinariya da ke cikin gilashinsa.

Yau ana cin moriyar wannan a awon sinadarai. A 1974, a Jami'ar Southampton, aka lura cewa fuskar azurfa mai kaushi tana ƙara ƙarfin siginar hasken da sinadarin da ke manne da ita ke mayarwa. Daga nan aka gina na'urorin da ke gano ɗan mitsitsin guba ko magani a cikin ɗigon ruwa ɗaya.